Marin da Tankari Ya Yi wa Alhaji a Tsakiyar Tafki

Duk Bahaushen da ya zauna a Guangzhou a shekarar 2008 ya ji labarin nan, amma a guntule ya ji shi. Abin da ake yawo da shi shi ne wai wani ɗan Nijar mai ɗaurin kaya ya mari ubangidansa, ya kuma tuɓe shi a gaban mata. To, ba ƙarya aka yi ba. Ya mare shi, har sau biyu ma, kuma ya tuɓe shi. Sai dai ina wurin, da idona na gani, kuma na gaji da jin ana yanke maganar a inda aka ga dama.

Sunansa Tankari. Mutumin Gaya ne, ba Gayarmu ta Kano ba, ta Nijar, wadda ke bakin kogin Kwara. Basarke ne gaba da baya, kakansa masunci, ubansa mai fiton mutane a kwalekwale. Shi ma a cikin jirgi ya buɗe ido. Da kifi ya ja baya a kogin, sai ya gangara Kwatano yana dako a bakin teku. A can Alhaji Abdulbaƙi, wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, ya ga yadda yake ɗaure dila, ya ce wannan hannun ba na bari ba ne. Shi ya kawo shi China.

Lokacin da na san shi ya ba arba'in baya. Gajere ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, ba ya magana sai ta kama. Alhaji zai yini a kasuwannin Baima da Shisanhang yana sarin riguna da wandunan yara, Tankari kuma yana sito yana dannewa da gwiwa yana ɗaurewa. Ƙullin koma yake yi wa igiya, irin na masunta, wanda in an ja shi ƙara kamawa yake. An ce a Kwari ko ba a duba suna ba ana gane dilar da ta fito daga hannunsa. A yaren China kalma biyu ya sani, meyo da sheshe, wato babu da na gode, kuma da su ya yi shekara huɗu bai yi faɗa da kowa ba.

A wurina yake cin abinci. Ina sayar da tuwo a hawa na tara a unguwar Xiaobei, ni da Zeinabou, wata 'yar Maraɗi. In ya sayo kifi ba ya yarda mu taɓa.

"Madam Sabuwa, ku Kanawa wulaƙanta kifi kuke. Ba ni wuƙar."

"To mai kifi, a gidan naku da sallama ake yanka shi?"

"Awo," in ji shi, ko murmushi babu.

Yana da mata da 'ya'ya biyar a Gaya, ga tsohuwa da ido ya mutu mata. Dukkansu da gumin sito ake ciyar da su. Zamansa a China kuwa a kan takarda ɗaya ya rataya: wasiƙar kamfanin Alhaji da ake kaiwa a sabunta masa biza. A shekarar nan an matse baƙi ƙwarai, in ba ka da wasiƙar ko kallonka ba a yi. Tasa bizar kuma ƙarshen Oktoba za ta ƙare. Ku riƙe wannan.

Ƙaramar Sallah ta faɗo a cikin makon hutun ƙasar, harka ta tsaya. Sai ƙungiyarmu ta Hausawa, ƙarƙashin Malam Rabe, wani dattijo mai harkar tura kaya, ta shirya fita shan iska. Wasu ɗalibai 'yan ƙungiyar suka samo wani tafki a cikin duwatsu arewa da gari, tafiyar awa uku a bas, inda ake ba da hayar kwalekwale da tanti, mutum ya tuƙa zuwa tsibiri ya kwana. Mu talatin da 'yan kai muka tafi, ni da Zeinabou da tukwanenmu.

Zafin nan na Guangzhou mai dafa mutum ya karye. Iska mai sanyi-sanyi, ruwa kore shar, itatuwa har cikin gajimare, ba hon ba hayaƙi. Muna sauka Tankari ya zama wani mutum dabam. Ya bi jiragen ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana saurare, ya ware biyu ya ce wa mai hayar, "Wannan meyo." Mutumin ya duba, ya yi dariya, ya canza su. Ya jera mu gwargwadon nauyi, mai ƙiba a tsakiya, tukwane a ƙasa. Manyan alhazai da ba su taɓa riƙe filafili ba suka dinga zagaye a wuri ɗaya kamar an ɗaure su, shi kuwa sau huɗu ya je ya dawo ko numfashinsa bai canza ba.

A tsibirin shi ya hana a kafa tanti a bakin ruwa, ya kai mu kan tudu. Ya sa na mata a bayan gora. Ya karɓi ragowar tuwo a hannuna ya murza a ƙugiya, kafin la'asar ga kifi goma sha ɗaya a kan garwashi. Ranar ban ji an ce wannan ɗan Najeriya ne wancan ɗan Nijar ko Gana ba. Sahu ɗaya aka yi magariba a kan ciyawa. Har Alhaji Abdulbaƙi da bakinsa ya ce, "Tankari, ashe sarki muke ajiye da shi a sito."

Washegari da hantsi aka ce za a yi hotuna. To nan ne halinmu ya fito. Wa ya taɓa zuwa daji da kayan Sallah in ba mu ba? Kowa ya buɗe jaka, sai ga shadda tana ƙara. Alhaji ya fito cikin babbar riga fara, ta sha bugu tana ɗaukar ido, aikin hannu tun daga wuya har ciki, 'yar ciki da wando duk iri ɗaya, ga hula ga takalmi sau-ciki. Wai a cikin kwalekwale yake so a ɗauke shi, a aika Kano.

Tankari ya miƙa masa rigar ruwa, irin mai ruwan lemon nan da ke hana nitsewa.

"Alhaji, ka aje babbar, ka sa wagga."

"In sa wannan? In fito kamar mai sharar titi? Ka san wata nawa aka yi ana aikin rigar nan?"

"To ka zauna ƙasa cikin jirgi. Kar ka tashi, komi za a yi."

"Ku ji mini ɗan masunta! Jiya an yaba maka, yau ka zama lawban?" Haka ake ce wa maigida a can. Aka kwashe da dariya. Babu namiji ɗaya da ya ce Alhaji gaskiya ya faɗa maka. Ni ma ban ce ba, albasa nake yankawa, kuma har yau abin yana cina.

Suka shiga, Alhaji a gaba, Tankari a baya yana tuƙi, mai hoto a wani jirgin. Da suka yi nisa, mai hoton ya ce aikin rigar ba ya fitowa. Sai Alhaji ya miƙe tsaye, ya ware hannuwa. Iska ta biyo tsakanin duwatsu ta cika rigar. Ƙiftawar ido jirgin ya kife.

Wanda bai ga babbar riga a cikin ruwa ba ba zai gane ba. Yadi goma na shadda ya jiƙe, ya naɗe mutum kamar likkafani. Alhaji ya ɓullo sau ɗaya, ya cafki wuyan Tankari da hannu biyu, suka nutse tare. Muna bakin ruwa muna salati, maza suna ta gudu sama da ƙasa, ba wanda ya iya iyo. Da suka taso, sai muka ji tas! Har inda muke. Tankari ne ya mari Alhaji, ya kuma ƙara masa. Hannun Alhaji ya saki. Tankari ya zaro wuƙar kifi daga ƙugunsa ya farke rigar daga wuya har ƙasa, ya farke 'yar cikin, ya tsinke zariyar wandon da ya harɗe masa ƙafafu. Ya tallafo haɓarsa, ya jawo shi a rigingine har tudu.

Haka Alhaji Abdulbaƙi ya fito, daga shi sai singileti da gajeren wando, yana aman ruwa yana kiran "Inna, Inna," kamar yaron goye. 'Yan China da ke wasu jiragen suna ta ɗaukar hoto. Zeinabou ce ta yi hankalin cire mayafinta ta rufa masa.

A wannan sa'ar kowa sannu yake yi wa Tankari, Allah ya saka, Allah ya yi albarka. Kafin azahar murya ta fara sauyawa. Aka kwashe tantuna, aka fasa kwana na biyu. A cikin bas ina jin na bayana yana cewa, "Ceto dai ya yi ceto, amma marin fa? Har biyu?" Wani ya ce, "Dama yana ciki da shi." Tankari yana kujerar ƙarshe, wuyansa duk shatin farce, ba wanda ya zauna kusa da shi.

Da aka koma aiki, Alhaji ya aiko a ce masa kar ya zo sito. Mako biyu yana zaune, kwanakin biza suna tafiya. Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallacin Huaisheng, manya suka taru a wurina don a sasanta, tunda nan ne ake samun tuwo. Malam Rabe ya ce magana ɗaya ce, Tankari ya durƙusa ya ba da haƙuri, Alhaji ya ba da wasiƙa, a wuce wurin.

Na ajiye kwanon miya na ce, "Malam, haƙurin me? Na ya hana a kai gawa Kano a cikin akwati?"

"Hajiya Sabuwa, maganar maza ce."

"Mazan da suka tsaya a tudu suna ihu tare da mu?"

Aka yi kamar ba a ji ba. Tankari ya ɗaga mini hannu alamar in bari. Ya ce, a hankali, yana kallon tabarma, "Wurinmu wanda ruwa ya kama ba ya da girma, ba ya da ƙanƙanta. Hannunsa ba nasa ba ne. In ya riƙe ka ba ka buge shi ba, ku biyu za a yi wa sallah. Haka aka koya mini. Amma tunda kun ce laifi ne, na ɗauka."

Ya sauka a kan gwiwoyinsa, mutum mai 'ya'ya biyar, ya ce Alhaji ya yafe masa marin, ya yafe masa rigar. Alhaji yana kallon bango ya ce ya yafe. Aka fara shafa fatiha. Da a nan aka tsaya da shi ke nan.

Sai Tankari, yana nan a durƙushe, ya ce, "Alhaji, tambaya ɗaya, don in san abin yi. In Allah ya sa ka sake faɗawa ina kusa, in buge ka ko in ƙyale ka?"

Wallahi ba gatse ya yi ba. Na san mutumin nan, bai iya gatse ba. So yake a gaya masa doka ya bi. Amma wani daga bakin ƙofa ya kasa riƙe dariya, ta kufce masa. Alhaji ya miƙe, ya zura takalmi, ya fita bai taɓa tuwon ba.

Wasiƙa ba ta fito ba. Lokacin kuwa baje kolin Canton ake yi, baƙi sun cika gari, kowane sito neman mai ɗauri yake. Na bi alhazai bakwai da ƙafata ina roƙo wani ya ɗauke shi ya rubuta masa. Duk bakinsu ɗaya: ba sa son shiga tsakani, Alhaji mutuminsu ne, tare suke loda kwantena. Malam Rabe ya ce a bari zuciya ta huce. Zuciyar wa? Biza tana jiran zuciya ta huce ne? Wasu suka ba shi shawara ya ɓuya ya ci gaba da zama ba takarda, kamar yadda da yawa suke yi. Ya ce da furfurarsa ba zai dinga tsallake taga don ya ji an buga ƙofa ba.

Saura kwana ɗaya bizar ta ƙare ya tafi. Ni da Zeinabou muka raka shi inda ake hawa bas ɗin filin jirgi, ba namiji ko ɗaya. Jakarsa ɗaya, ya ɗaure ta tam. Ina ta faɗa, ina tsine wa rashin kunyar mutane. Da bas ta iso sai ya ce:

"Madam, bar zaginsu. Na yi tunani, akwai laifina. Tsohona ba ya bugun kowa. In mutum ya faɗa, ja da baya yake, ya jira shi ya sha ruwa har ya yi laushi, ya suma, sannan ya ɗauko shi. In ya farka bai san abin da ya faru ba, ba ya jin kunyar kowa. Sai dai wani lokacin ba ya farkawa. Ni na kasa jira. Ina ganin idon Alhaji, na kasa."

Ya ɗauki jakarsa ya hau. Zeinabou ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na tsaya a bakin titi ina bin bas da kallo har ta ɓace.