Kwalaben da Doña Nélida Ta Ɓoye

Shekara talatin Doña Nélida ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajenmu na jami'a a birnin Córdoba. Sabulu ya cinye mata yatsu. Ita ke haɗa mana shayin mate da hantsi, ƙoƙo ɗaya yana zagaya kowa.

Ni kuwa aikin digirina ya tsaya cak. Sinadaran da nake narkawa a kwalba su ne za su jeru da kansu su zama lu'ulu'u, ba hannun da zai jera su. Wata takwas ban ga ko ƙwaya ɗaya ba, ga shi saura wata biyu a rufe karɓar aiki. Kullum da safe sai na ɗaga kwalaben, na karkata su a haske, na ƙwanƙwasa da farce.

Wata Litinin na tarar da kantar da nake jera su wayam.

"Doña, ina kwalabena?"

"Na wanke, Griselda. Na ɗauka datti ne."

Na zazzaga mata faɗan da har yau nake jin kunyarsa. Na haɗa wasu, su ma shiru. Mako uku in ta miƙo mini ƙoƙon sai na kau da kai, ita kuwa ta wuce da shi ga na gaba.

Ran nan ta ja ni zuwa kabad ɗin da take ajiye ganyen shayi da sukari. Can ƙurya ga kwalabena shida. A gindin huɗu daga ciki, lu'ulu'u ne shuɗaye reras kamar gishirin da aka rina.

"'Yar nan, ke da wannan hannu naki mai ƙaiƙayi!" in ji ta. "Tun ba a haife ki ba nake wanke kwalaben nan. Wadda aka manta a can bayan kantar kwalabe, ita nake tararwa cike da abin nan naku. Wadda ake lallaɓawa kullum, ruwa zalla. Da na faɗa miki, za ki ji? Ni da ko firamare ban gama ba?"

Gaskiyarta, da ban ji ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na tsaya ina kuka kamar sakarya. Ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon, ta miƙo mini.

"Karɓi. Mako uku nake riƙe miki shi, hannuna ya gaji."