Faɗuwata a Rana ta Uku

Tseren keken mata na kwana huɗu ne. A rana ta uku na faɗi a wata lanƙwasar hanya kusa da unguwar Harra ta Gabas, gwiwata ta fashe, sauran suka wuce. Mai horar da mu ta tsayar da mota ta ce, "Yalla, maza shigo, ya isa haka."

Na ƙi shiga, na sake hawa kekena. Wata uku ke nan da rasuwar Baba, wanda yake kai ni atisayen keke unguwar Al-Awali kullum bayan Asuba.

Ni ce ta ƙarshe da ta iso ƙarshen tseren ranar. Umma ta kalli gwiwar, sannan ta ce, "Zo in wanke miki, ki samu hawa gobe."