Tagar Ɗakin Malama

Goggona, ƙanwar mahaifina, dillaliya ce tun kafin a haife ni. A Dukawuya muke, gida ɗaya, ɗakinta na kallon namu. Sana'arta ita ce ta shiga gidan da mace ke son rabuwa da kayanta, zani ne ko sarƙa ko kwanuka, ta ƙunso su a mayafi ta kai inda ake nema. Mai saye ba ta sanin kayan wace ce, mai sayarwa ba ta sanin wa ta saya. Goggo akwai surutu kamar ta ari baki, za ta ba ki labarin faɗan da aka yi a bakin famfo tun kina goye, amma ki tambaye ta daga wane gida leshin nan ya fito, sai ta dube ki sama da ƙasa ta ce, "Saye za ki yi ko bincike?" Ko mahaifiyata da suke cin abinci kwano ɗaya ba ta taɓa jin sunan kowa a bakinta ba.

Da gwiwoyinta suka fara ƙin tafiya, ni na kawo shawarar waya. Ina koyarwa a wata firamare a Gwale, ina ganin yadda abokan aikina ke sayar da turare da mayafai ba su taka ko'ina ba. Da fari Goggo ta ce ita ba za ta yi talla a cikin gilashi ba. Sai wata atamfa da ta daɗe tana shan ƙura a ɗakinta ta tafi a yini guda, don kawai na ɗora hotonta a sitatus, inda duk mai lambarki zai gani. Daga ranar ban sake hutawa ba.

"Uwata, zo ki ɗora min wannan," haka take ƙwala mini kira, don sunan mahaifiyarta aka sa mini.

Ni kuwa na ɗauki tsaron wayar nan da zafi. Na sa mata lambar sirri, na ƙara kulle na biyu a kan manhajar hirar. Na hana ta zuba kwastomominta a guruf ɗaya inda kowa zai ga lambar kowa. In an gama ciniki, mu goge hira da hotuna. Na yi ta nanata mata cewa duk wanda ya kira ya ce ta karanto masa wata lamba da ta shigo wayarta, ɓarawo ne, ko da muryar limami ya zo. Wata rana kuwa wani ya kira, wai daga ofishin tallafa wa mata masu sana'a. Ina jinta tana ce masa, "Ɗan nan, lambar tana hannun uwata, kuma uwata ta fi ni masifa. In ba ka ita?" Ya kashe wayarsa. Ranar har rawa na taka a tsakar gida, ina ganin mun gama toshe kowace kafa.

Akwai wata Malama a Kabara, mai koyar da matan aure karatu a ɗakinta ranar Asabar da safe. Na sauya unguwar, na sauya wasu kamannin, don kada in ƙarasa abin da hoto ya fara. Mijinta, Alhaji, a da babban ɗan kasuwa ne, irin mutanen da soronsu ba ya rabo da masu neman taimako. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, kasuwa ta tsaya, magani kuma ba ya jira. Malama ta fara fito da abin da ke ƙasan akwatinta a ɓoye. Mutumin da ya saba bayarwa, in ya ji matarsa na sayar da kayan jikinta don a sai masa magani, ciwon zai fi na jikinsa. Wannan ne tsoronta, kuma Goggo kaɗai ta gaya wa.

A da, Goggo za ta je ta karɓo a mayafi, shi ke nan. Yanzu ƙafa ta ƙi, sai ta ce Malama ta ɗauki hoton ta turo. Malama ta shimfiɗa leshi, ta ɗora awarwaron zinarenta a kai, ta nemi inda ya fi haske a ɗakin ta ɗauka. Goggo, da ta riga ta iya ɗorawa da kanta, ta ɗora ina makaranta.

Inda ya fi haske a ɗakin nan ƙarƙashin taga ne. Tagar kuwa babu irinta a unguwar, tsohuwa ce mai gilashi kore da ruwan ɗorawa, kuma ɗan gefenta ya fito a saman hoton. Rabin matan Kabara da Dukawuya sun zauna suna kallon tagar nan suna biya karatu. Mu da ke cikin birni, mace na iya mance ranar aurenta amma ba ta mance labulen ɗakin da ta taɓa shiga barka.

Na dawo bayan la'asar na tarar da Goggo zaune, kwanon abincinta a rufe. Ta miƙo mini wayar. Saƙonnin murya ne jere. Na farkon da na buɗe, wata ce mai zaƙin murya: "Goggo, wannan ba tagar Malama ba ce? Innalillahi! Ashe abin ya kai haka a gidan Alhaji? Allah sarki duniya." Wata kuma wai tana tambaya ne don ta san irin addu'ar da za ta yi musu. Na goge hoton nan take, amma aikin gama ya gama, an riga an kwafe shi ana ta turawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na danna zan yi wa mai zaƙin muryar nan saƙon da ba za ta manta ba, Goggo ta riƙe mini hannu.

"In kika zage ta, kin sa hannu kenan cewa gaskiya ta faɗa."

Na zauna ina huci. Duk makullan da na jera babu wanda aka taɓa. Ba ɓarawo, ba ɗan damfara. Da hannunmu muka miƙa, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa bango ma yana iya tona asiri ba. Can sai ga kiran Malama. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce wa Goggo, "Hajiya, ƙaddara ce, ni na ɗauki hoton. Ni dai kada Alhaji ya ji." Kowa ya san hanyar da zai ji ɗin: mata su gaya wa mazansu, mazan su zo dubiya soro, wani ya ce zai nuna tausayi.

Washegari Asabar. Ina shirin wanki Goggo ta ce, "Uwata, nemo mana mai adaidaita." Na leƙa ɗakinta na ga ta ƙulle duk abin da take da shi na sayarwa, atamfofi, mayafai, kulolin abinci, har da wasu takalma da babu mai so. Na tambaye ta ina za mu. Ta ce Kabara, kuma in bakina zai yi ƙaiƙayi in bar shi a gida.

Adaidaita ba ya shiga lungun su Malama. Daga bakin titi Goggo ta taka, tana dafa bango, tana tsayawa tana cije leɓe, ni ina biye da ƙulli a kai da wani a hannu. Matar da ta daɗe ba ta wuce ƙofar gida ba. A soro muka sami Alhaji a kujerarsa, hannunsa mai ciwo a kan cinya. Goggo ta gaishe shi, sannan ta ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji.

"Alhaji, aron ɗakin Malama muka zo yi. Nawa duhu ne da shi, hoto ba ya kyau. Nan kuwa haske kamar an biya."

Ya gyaɗa kai, ya nuna mana hanya da hannunsa mai lafiya.

Ɗakin cike yake da ɗalibai, ana dab da tashi. Malama ta ga ƙulle-ƙullen ta dubi Goggo, Goggo ta dube ta. Ban san me suka ce wa juna da ido ba, na dai ga Malama ta tashi ta janye dardumarta daga ƙarƙashin tagar. Goggo ta baje kaya ta hau ba da umarni. Wannan ta riƙe nan, waccan ta ja can, ni in ɗauka, kuma in tabbatar tagar ta fito sosai. Mai zaƙin muryar nan tana cikinsu. Ita Goggo ta zaɓa ta riƙe bakin wani leshi.

"Ja da kyau mana, 'yar nan. Jiya ma ke kika fara gane tagar, ido gare ki, Allah Ya ƙara gani."

Matar ta yi dariyar yaƙe. Ni kuwa na yi ta ɗaukar hoto, hannunta a sama, har sai da na ga ta gaji, ina cewa bai fito ba.

Kafin azahar sitatus ɗin Goggo ya cika da tagar Malama. Kula ƙarƙashin taga, takalmi ƙarƙashin taga, mayafi ƙarƙashin taga, awarwaron nan ma aka mayar da shi a tsakiyarsu. Ta haɗa da saƙon murya tana cewa ta sami ɗaki mai haske, Allah Ya saka wa Malama da alheri. A hanyarmu ta dawowa na ce mata, "Goggo, yau kin shirga ta." Ta harare ni ta ce, "Wace ƙarya na yi? Ɗakina ba duhu ne da shi ba?"

Zuwa ɗaya ba zai rufe bakin mutanen birni ba, don haka muka mayar da shi kowace Asabar. In mun dawo gwiwoyinta sun kumbura, in shafa mata man zafi tana kiran sunan Allah. Na sha cewa ta bari in je ni kaɗai, ta ce in ba a gan ta ba za a sake lissafi. A hankali maganar ta mutu. Har kwastomomi suka riƙa cewa kayan Goggo sun fi na kowa kyau a hoto. Kayan Malama kuwa suka ci gaba da fita ɗaya bayan ɗaya a cikin na jama'a, awarwaron ma ya tafi. Sauran masu turo hoto daga gidajensu, na yanko farin yadi na rarraba musu, na ce a shimfiɗa shi, kada komai ya fito sai kayan, ko ƙafar gado ban yarda ba.

Wata Asabar muna fitowa, Malama na ciki tana sallamar ɗalibai, Alhaji ya ɗaga hannu ya tsayar da mu. Maganarsa ba ta fita sosai, sai da Goggo ta sunkuya.

"Hajiya," ya ce, "awarwaron nan ni na sayo shi. Tun ranar farko wani ya zo dubiya ya nuna mini a wayarsa." Ya numfasa, ya goge gefen bakinsa. "Ƙafarki na ciwo, ina gani. Allah Ya biya ki. Amma kada ki gaya mata na sani. Ta sha wahala wajen ɓoye mini."

Goggo ta miƙe, ta dafa bango muka fita lungun. A cikin adaidaita ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na rawa. Ni ma kuka nake yi, ina jin tausayin su duka ukun, ban san wanda ya fi ba ni tausayi ba.

Alhaji bai kai azumin shekarar ba. Muka je gaisuwa, ɗakin cike da mata. Da aka ɗan sarara, Malama ta matso kusa da Goggo ta kama hannunta ta riƙe gam. A hankali ta ce, "Hajiya, na gode wa Allah, na gode miki. Ya tafi bai sani ba."

Ina kallon bakin Goggo.

"Allah Ya jiƙan Alhaji," ta ce, ta ci gaba da jan carbinta.