Ƙofar Baba Igbekele

Sau huɗu Meduoye kafinta yana ɗauke mini gida, ban taɓa ganin ya fasa katako ko ɗaya ba. Baba Igbekele muke ce masa, da sunan 'yarsa ta fari. Siriri ne, ba ya iya zama wuri ɗaya, kullum da ƙusa biyu ko uku a bakinsa. Shi ya sa rabin maganarsa ba a ji, sauran rabin kuma tsiya ce.

A garinmu na bakin teku a ƙasar Ilaje, inda gidajen katako ke tsaye a kan turaku, ba a jira ruwa ya shigo ɗaki. Da raƙuman ruwa sun fara dukan turakun gidan da ke gaba, sai a kira shi. Ya sauke kwano, ya zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya ya miƙar da su, a loda katako a kwalekwale, a matsa ciki a sake kafawa. Kowane tashi sai gida ya ragu, don katakon da gishiri ya ci ba ya riƙe ƙusa. Nawa da ɗaki biyar mijina ya mutu ya bar mini shi, yanzu biyu ne da rumfar bandar kifi.

Abu ɗaya ne ba ya yarda a taɓa, wato jeri. Wanda yake kusa da kai tun zamanin kakanni, shi ne kusa da kai a sabon wuri, ko ba kwa ga maciji. Gidana ne na ƙarshe, nasa ne jikin nawa, sai na Iya Tomide, matar da ko gishiri ba ta taɓa sam mini ba. Yakan ce shi ne katangar da ta hana mu cinye juna. Wanda kuma ya gaji ya tafi Legas, sai ya kafa masa turaku huɗu tsirara a gurbinsa, wai kada ya dawo ya rasa inda zai sa ƙafa. Na sha gaya masa wannan ɓata itace ne.

Daminar bara guguwa ta yi kwana uku, ta tafi da coci da rabin gadar katakon da muke bi. Abin da ya rage mana ɗan siririn tudu ne, bayansa rafi mai zurfi inda jirage ke wucewa. Gida goma sha biyu muka rage.

Kwana biyu yana kai da kawo a taɓo da igiyar awo. Ya auna, ya sake aunawa. Ya ce wannan karon babu turakun waɗanda suka tafi, kuma na ga yadda abin ya ci shi. Duk da haka kowa ya ƙirga ya ga goma sha ɗaya ne za su shiga. Na ji tsoro ƙwarai, don ni ce ta sha biyu, ba ɗa ba jika, ba kuma inda na sani sai nan. Zama ya gagare ni, sau biyu ina ƙona kifi. Ƙarshe na tare shi a kan gada.

"Baba Igbekele, faɗa mini gaskiya. Igiyar nan taka ta kai kaina ko ba ta kai ba?"

Ya cire ƙusa daga baki. "Mama mai kifi, ke da bakinki kaɗai ya ci wurin gida biyu? Je ki haɗa tukwanenki, ga ƙauri can yana tashi."

Cikin mako biyu aka kafa gida goma, kowa a gurbinsa. Ranar da ya kamata ya hau rufin nasa gidan, sai na ji guduma a kan nawa. Na fito ina faɗa, na ce ba a zo kaina ba tukuna. Ko waiwaye bai yi ba. Mutumin da ya shekara arba'in bai tsallake gida ba, ranar ya tsallake nasa, ya kafa ni jikin Iya Tomide.

Nasa da ya sauke, rabar da katakon ya yi ga masu ruɓaɓɓun bango. 'Yarsa ta daɗe tana kiransa ya koma wurinta a garin Igbokoda tun rasuwar matarsa, shi kuma yana cewa barci ba ya ɗaukarsa in babu ruwa a ƙarƙashin gado. Wannan karon ya aika mata ta turo jirgi.

Safiyar tafiyarsa ya zo da ƙofar gidansa a ka. Bai nemi izinina ba, ya yanke bangona na ƙarshe, wanda ke duban rafi, ya kafa ta. Na ce wace irin ƙofa ce wannan da in an buɗe sai a faɗa ruwa?

"Wurin turaku huɗu babu, ƙofar nan ce gurbina," in ji shi. "Ki riƙa shafa wa ƙarafunta manja, gishiri ba ya raga musu."

Duk Lahadi nake shafawa, kuma har yau ina jin haushinsa da kewarsa. Jiya Iya Tomide ta leƙo, ita da ba ta yi mini magana, ta ce ruwa ya fara taɓa turakun gida na farko. Na buɗe ƙofar na tsaya, na daɗe ina duban jiragen da ke fitowa daga Igbokoda.