Nusreta da takin da ta ciro daga hayaƙi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, biyar ga watan Maris, Injiniya Nusreta Mujkanović ta rasu a asibiti a birnin Tuzla bayan gajeriyar jinya. Na yi shekaru ina aiki a ƙarƙashinki a tashar da ke dumama gidajen garinmu, Yaya Nusreta, kuma yau da na zauna rubuta wannan, godiyata ta fi kukana yawa.

Kowa a nan ya san yadda hayaƙin kwal yake kwanciya a kwarinmu da hunturu, yara su kwana suna tari. Ke kika kawo injin da ke bi da hayaƙin ta cikin bututu mai ƙananan walƙiya, abin da masana ke kira filasma. Idan aka fesa sinadarin amoniya, gubar naitirojin da ke ƙona ƙirji sai ta zubo ƙasa ta zama farin gari, wato takin zamani. Kin sha cewa ba ki ƙirƙiri komai ba, tsawa kawai kika koya wa ladabi.

Matsalar ita ce garin takin. Ya cika rumbun ajiya, hukuma kuma ta ce idan manoma ba su karɓa ba, za a kashe injin. An gwada shi, an tabbatar da tsabtarsa, amma manoma suka ƙi. Shugabansu Baffa Ragib, wanda matarsa ta rasu da ciwon huhu, ya faɗa miki a fuska:

"Abin da ya fito daga bututun da ya cinye mini mata, shi zan zuba wa tattasaina? 'Yar nan, ki ji tsoron Allah."

Na zaci za ki ɗauko takardun gwaji. Sai kika ce, "Gaskiyarka, Baffa. Ara mini ɗan gefen gonarka dai, can wajen shinge, in gwada da hannuna."

Ya ara miki. Mu da muka san ki mun san ko fure ba ya rayuwa a tagar ofishinki. Kullum bayan an tashi aiki kina can kina sarar ƙasa, kina cire tsiro kina barin ciyawa. Baffa Ragib ya yi ta kallo daga ƙarƙashin bishiya har haƙurinsa ya ƙare.

"Kawo fartanyar nan, Injiniya, kafin ki kashe mini ƙasa."

Daga ranar shi ya yi ban ruwa, shi ya cire ciyawa, shi ya auna takin da tafin hannunsa. Da kaka ta zo aka gasa tattasan, aka yi ajvar, wato markaɗen tattasai da muke ajiyewa don hunturu, shi ya fara shafawa a burodi, domin manomi ba ya ƙin cin abin da ya noma. Na tambaye ki ko da gangan kika yi. Kika kurɓi kofinki kika ce ke dai ba ki iya noma ba. Daga nan manoma suka karɓi takin, injin bai mutu ba, tarin yara ya ragu, kin kuma rayu kin ga hakan da idonki.

A wajen zaman makoki Baffa Ragib ya ja ni gefe, yana murza hularsa, kunya ta hana shi kallona.

"Ɗana, ba lokacinsa ba ne, na sani. Amma shuka ta matso. Garin takin nan nata, za a samu bana?"

Na ce masa za a samu, injin yana aiki har a wannan sa'a. Sai a lokacin tsohon ya yi kuka.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya Nusreta, Ya haskaka kabarinki, Ya sanya kowane numfashi mai sauƙi da yaran kwarin nan ke shaƙa a ma'aunin ladanki. Ga mijinki Dževad da 'yarki Lamija, Allah Ya ba su haƙuri, Ya ba mu ikon riƙe injin da kika bari a kunne.