Shirun Da Na Ɗauka Alkunya Ce

Edita, ina roƙon a ba ni fili, a kuma sakaya sunana.

Shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, ni amarya ce a GRA ta Katsina, ɗauke da cikin fari. Ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya da maigidana kan sayo mini a Babbar Kasuwa. A tunanina na lokacin, duk wanda ya yi shiru ƙauna ce ke cin sa. Katanga ɗaya ta raba mu da wani likita ɗan Iraƙi da matarsa, ita ce kuma ta zame mini yaya a unguwar da ba a cika shiga gidan juna ba. Hausarta gwaranci, Larabcina na Islamiyya, amma muna fahimtar juna. Takan dafa mini baƙin shayi, tana ba ni labarin kogin Bagadaza da dabinon tsakar gidansu, ni kuwa ina lumshe ido ina ganin aljannar masoya.

Sai yaƙi ya faɗa wa ƙasarsu. Masu musu kan Afganistan a teburin mai shayi suka koma kan Iraƙi, hoton shugaban ƙasar ya cika bayan motocin haya. Ita kuwa sai ramewa take. Waya ta daina shiga, ga mahaifiyarta a Bagadaza. Ta ce maganarsu ta ƙarshe, tsohuwar ta gaya mata sun tara ruwa a duk wani mazubi, in jirage sun lafa su fita layin burodi. An yi an yi tsohuwar ta koma ƙauye ta ƙi, wai tana jiran wani kada ya dawo ya tarar da gida a rufe. Ban tambayi ko wane ne ba.

Abin da na lura da shi, ba ta taɓa ambaton sunan shugabansu. Sai dai ta ce "shi", ta rage murya, ta dubi ƙofa. A wurinmu mace ba ta faɗin sunan mijinta, ko surukinta, ko ɗanta na fari, saboda alkunya. Sai na ce a raina, ashe haka take girmama mutumin nan.

Da na haifi namiji, na nace sai an sa masa sunan shugaban. Maigidana sunan mahaifinsa ya so, na yi ta kuka har ya haƙura. Ita ban gaya mata ba, so nake ya zame mata albishir.

Ranar suna da la'asar, gida cike da mata, ta shigo da 'yar hular da ta saƙa da hannunta. Na miƙa mata yaron. Gwaggon maigidana ta rangaɗa guɗa, ta faɗi sunan da ƙarfi, ta ce to matar likita, ga shugabanku nan mun kawo maki har gida. Na ga fuskar matar likita ta canza. Riƙonta ya sassauta, kan jaririn ya fara zamewa, ba don gwaggo ta yi wuf ta tare shi ba da ya kai ƙasa.

Matar likita ta shige ɗaki, na bi ta. Can ta gaya mini tana da ƙane ɗalibi, wanda jami'an gwamnati suka ɗauke saboda wata raha da ya yi cikin abokai. Ba gawa, ba labari, ko tambaya ba a isa a yi ba. Shi tsohuwar ke jira. Ta ce ba ta son masu jefa wa uwarta bam, ba ta kuma son wanda ya ɗauke mata ƙane, amma a garin nan kowa so yake ta zaɓi ɗaya. Sannan ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, ku kunya ke hana ku faɗin suna. Mu tsoro ne."

Na roƙi maigidana a canza. Ya ce an yi huɗuba, an yanka rago, dangi tun daga Batagarawa sun shaida, sai dai a yi wa yaron laƙabi. Ta ci gaba da amsa gaisuwata ta kan katanga, amma ba ta ƙara ɗaukar ɗana ba har suka bar Katsina. Ban san ko tsohuwar ta rayu ba.

'Yan'uwana, yaƙin wasu ba labarin littafi ba ne da za mu zaɓi jarumi mu yi masa tafi. In kun ga mutum ya yi shiru, ku tambaye shi kafin ku fassara shirun da al'adarku. Ɗana yau magidanci ne, sunan na nan a takardunsa. Ban taɓa furta shi ba, dangi kuma har gobe suna yaba alkunyata.