Katin da Baba Ya Ba da Aro

Ban taɓa jin an yi wa mutum ta'aziyyar kansa ba sai ranar da na kai Baba asibiti a Birnin Kudu.

Ido ne ya matsa masa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma zai bi shi in ba a yi aiki da wuri ba. Ban tsorata can ba, don Baba yana da katin inshorar lafiya na gwamnati, kuma ni na sha wuyar samo shi. Da farko na ɗauka wadda ake cire mini daga albashin koyarwa za ta ɗauke shi, aka ce a'a, uba ba ya ciki. Akwai wadda mutum ke biya duk shekara, akwai kuma ta kyauta da aka ware wa tsofaffi marasa ƙarfi. Na yi ta sintiri tsakanin Birnin Kudu da Gwaram har direbobin tasha suka san ni, kafin sunansa ya shiga ta kyautar. Da na kai masa katin can ƙauyenmu Kwandiko, juya shi kawai ya yi, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ya jefa a aljihu.

To, ranar na miƙa katin ga matar da ke kan kwamfuta. Ta buga lamba, ta dube ni da tausayi.

"Malama, Allah Ya jiƙansa. Mai wannan katin ai ya rasu tun da damina."

Na waiga. Ga Baba a kan benci yana ɓare goro. Na juyo. Na hau matar da faɗa, na ce su gyara na'urarsu, har mutane suka fara taruwa. Sai Baba ya ja gefen mayafina, ya ce in daina yi wa baiwar Allah ihu, gaskiyarta ce.

Ashe aron katin ya bayar. Yana da amini, wani tsohon Bafillace na Zandam, wanda tun suna samari yake zaunar da shanunsa a gonar Baba bayan girbi don taki, Baba kuma ya ba shi dawa. Ƙafafun mutumin suka kumbura, ba shi da kati, lokacin rajista ya tafi da shanu kudu. Baba ya ga nasa yana kwance a aljihu ba aikin fari ba na baƙi, ya ba shi kamar yadda zai ba shi aron jaki. Hoton kuwa farin gemu ne da rawani, wa zai tsaya bambancewa? Mutumin ya kwanta yana amsa sunan Baba har rai ya yi halinsa. Ni da kaina na je gaisuwar mutuwarsa, na zauna na sha fura, ban san komai ba.

Aka kai mu ofishin wani dattijon jami'i mai haƙuri. Ya bayyana mana cewa katin na mutum ɗaya ne, wanda ya ba da aro kuwa cire shi ake yi, sai maganar ta je sama an duba. Sannan ya rage murya ya ce da a ce ɓata katin ya yi, wani ya tsinta ya yi amfani da shi, da gyaran bai ɗauki lokaci ba. Caraf na cafe, na ce ai ɓata ya yi.

"Bai ɓata ba," in ji Baba. "Da hannuna na ba shi."

Na taka masa ƙafa, Allah Ya yafe mini. Na tuna masa idonsa ɗaya ya rage.

"So kike in mai da shi ɓarawo yana kwance a kabari? Shi da ba zai tashi ya kare kansa ba?"

Na roƙe shi, na yi kuka, na sa limamin unguwarsu ya yi masa magana. Ko gezau. Maganar ta tafi sama ta zauna. Na koma neman kuɗin aikin da kaina, muka jira riɗi ya bushe aka sayar, na haɗa da abin da na samu. Ranar da muka koma, likita ya haska idon ya daɗe, sannan ya kashe fitilar ya ce mun makara.

Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take yi. Da muka dawo gida na kasa haɗiyewa, na faɗa masa ya sayar da idonsa saboda wanda ƙasa ta riga ta rufe. Ya ce amininsa dai a kan gado ya cika, ana ba shi magani, ba a kan tabarma yana nishi ba. A hankali ya faɗa, yana lallashina, ya miƙo hannu zai dafa kaina. Ina zaune a damansa, shi kuwa bango ya fuskanta.